Kalangun da ya ƙi bin sahu

Wani saurayi ɗan Wagini, a Ƙaramar Hukumar Batsari, ya kai tsohon kaset ɗin bikin iyayensa wani sutudiyo a Katsina. Yana so a yanko kiɗan kalangun da ke ciki a sa a waƙar aurensa. Mai sutudiyo ya riga ya haɗa kiɗa a manhajar FL Studio, bugu 100 a minti. Aka ɗora kalangu, sai ya ƙi bin sahu.

"Maigida, ko kaset ɗin ne ya lalace?"

"Bari mu ƙirga tukuna, ƙanena."

A bugu 100, kowane bugu daƙiƙa 0.6 ne, takwas su ba da 4.8. Bugu takwas na farkon kalangun kuwa sun ci daƙiƙa 5.2, wato wajen bugu 92 a minti. Wannan mai sauƙi ne. In ka ƙara wa sauti gudu kai tsaye, muryarsa za ta yi siriri, amma tun 1988 na'urar ɗibar sauti ta Akai S950 take iya matse tsawon sauti ba tare da ta taɓa muryarsa ba, yau kuma kusan kowace manhajar kiɗa tana yi. Aka matse 5.2 ya koma 4.8, farkon ya zauna daram. Kafin a kai tsakiya sai ga kalangu ya tsere gaba ya bar kiɗan a baya.

Zargi ya fara faɗawa kan kwamfuta, kuma da dalili. Sautin da aka ɗauka a ma'aunin 48,000 a daƙiƙa, in aka karanta shi a 44,100, yakan ja jiki da kusan kashi 8 cikin ɗari, daidai tazarar da aka gani. Sai dai irin wannan matsala iri ɗaya take daga farko har ƙarshe. Nan kuwa da aka auna bugu takwas na ƙarshe a ainihin sautin, 4.9 aka samu.

Saura rakoda. Kaset na tafiya santimita 4.76 a daƙiƙa. In batir ya fara sanyi ana cikin ɗauka, zaren yana rage gudu, ranar da aka saurara da batir mai ƙarfi kuma kiɗan ya riƙa ƙara sauri. Amma dole murya ta tashi tare da saurin. Kalangu ba zai ba da shaida a nan ba, don aikinsa ke nan, a matse tsarkiya murya ta hau, a saki ta sauka. Mai sutudiyo ya kasa kunne ga kuntukun da ke raka shi, wanda muryarsa ɗaya ce. Kuntukun farko da na ƙarshe ba su bambanta ba.

Ashe makaɗin ne. Da mai sutudiyo ya ƙure lasifika, sai ga guɗar mata daidai inda saurin ya soma. Fili ya ɗau zafi, hannu ya bi ƙafar masu rawa, daga 92 har 98.

Ana iya daddatsa kiɗan bugu-bugu a jera shi kan layin kwamfuta, kuma da yawa haka suke yi. A ganina wannan kashe kiɗan ne. Mai sutudiyo ya warware matsin da ya yi, ya sa manhajar ta fara da 92 tana hawa a hankali zuwa 98, fiyano da ganga suka bi bayan kalangu.