Gano Otizim da Jinkirin Girman Yara da Wuri: Duba ga Yankin Noman Rani na Kura da Bunkure

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce a nuna cewa ana iya gano yaron da girmansa ya yi jinkiri tun kafin ya cika shekara 2, ko da a ƙauyen da babu likita, muddin an san tambayoyin da za a yi, da wanda za a yi wa su, da kuma lokacin yin su. An zaɓi yankin Kura da Bunkure a matsayin misali domin yana da halaye na musamman. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka kuma kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are a 1976, jama'ar wannan yanki su ke noman shinkafa da alkama da tumatir da albasa rani da damina. Wannan ya kawo arziki, amma kuma ya sa ruwa yana kwance kusan duk shekara, hannun kowa kuma yana cikin aiki.

2.0 Ma'anar Kalmomi

Jinkirin girma shi ne yaro ya kasa kai wa ga abin da tsararrakinsa su ka kai a zama, ko rarrafe, ko tafiya, ko magana, ko fahimta. Shi kuwa otizim wani yanayi ne da ya shafi yadda ƙwaƙwalwa ta ke ginuwa, kuma yana bayyana ta fuska biyu: wahalar cuɗanya da mutane, da kuma nacewa a kan maimaita abu ɗaya. Likita Leo Kanner na Amurka ne ya fara bayyana shi dalla-dalla a 1943, bayan ya nazarci yara 11. A ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2023, kimanin yaro 1 cikin 100 yana da shi, kuma an fi samunsa ga maza. Akwai lokacin da a ke zaton lalurar Turawa ce kawai, amma binciken da Victor Lotter ya buga a 1978 ya nuna akwai ta a ƙasashen Afirka.

A Hausa a kan ji kalmar galahanga, sai dai mutane na amfani da ita ga lalurori dabam-dabam, har da shanyewar gaɓoɓi ta dalilin rauni a ƙwaƙwalwa. A wasu wurare kuma a kan kira irin wannan yaro ɗan ruwa, wato ana ɗauka iskoki ne su ka musanya shi. Illar irin wannan suna ita ce yana rufe ƙofar bincike, domin da zarar an laƙaba shi, sai a daina tambaya.

3.0 Dalilan Jinkiri a Yankin

Wajibi ne a rarrabe tsakanin abubuwan nan biyu. Otizim yana da alaƙa mai ƙarfi da gado; ba rashin tarbiyya ke kawo shi ba, ba kuma allurar rigakafi ba. Rahoton da ya danganta shi da allurar ƙyanda, wanda mujallar Lancet ta buga a 1998, ita mujallar da kanta ta janye shi a 2010. Wannan bayani yana da muhimmanci a Jihar Kano, inda aka dakatar da rigakafin shan inna daga 2003 zuwa 2004 saboda zargi.

Amma jinkirin girma yana da dalilai da yawa waɗanda ana iya kauce musu. Daga ciki akwai doguwar naƙuda wadda ta kan hana jariri samun isasshiyar iska, da shawarar jarirai idan ta yi tsanani, da sanƙarau, da tamowa, da kuma zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa. Na ƙarshen nan ya fi shafar wurin da ruwa ke kwance a magudanai da fadamun shinkafa, domin sauro ba ya yankewa da ɗaukewar damina. Yaron da ya yi jijjiga ko ya suma da zazzaɓi, ko da ya warke, ya kamata a ci gaba da lura da jinsa da maganarsa da tafiyarsa.

4.0 Alamomin da Za a Lura da Su

Likitocin yara sun yi ittifaƙi a kan wasu alamomi da ke buƙatar a duba yaro ba tare da jira ba:

(a) ya kai wata 12 ba ya gwaranci, ba ya nuna abu da yatsa, ba ya miƙa hannu a ɗauke shi;
(b) ya kai wata 16 bai furta kalma ko ɗaya ba;
(c) ya kai wata 18 bai fara tafiya shi kaɗai ba;
(d) ya kai wata 24 ba ya haɗa kalmomi biyu, kamar "ba ni" ko "Inna zo";
(e) ya rasa wani abu da ya riga ya iya, ko magana ko wasa da mutane, ko yana wata nawa ne.

Abin lura a nan shi ne, tsakanin wata 18 da 24 ne alamomin otizim su ka fi fitowa, kuma wannan shi ne lokacin yaye a ƙasar Hausa. Sau da yawa idan yaro ya yi shiru ya keɓe kansa, sai a ce ƙuncin yaye ne, ko kuma a ce ai mahaifinsa ma bai yi magana da wuri ba. Ta haka a ke rasa shekara guda ko biyu.

5.0 Daidaita Tambayoyi da Al'ada

Ma'aunin da aka fi sani shi ne M-CHAT, wanda Diana Robins da abokan aikinta su ka fitar a 2001. Wanda aka sabunta yana da tambayoyi 20 da iyaye ke amsawa da i ko a'a, game da yaro ɗan wata 16 zuwa 30. Fassara shi kalma da kalma ba za ta wadatar ba, saboda dalilai kamar haka.

Na farko, ana tambaya ko yaro yana waiwayowa idan an kira sunansa. To, uwa Bahaushiya ta kan yi alkunyar ɗan fari, ba ta kiran sunansa, wani lokaci ma ba ta son a ga tana kula da shi a gaban mutane. Bugu da ƙari, a gidajen da mata ke aikin turara shinkafa, yaro ya kan wuni a bayan yayarsa ko a wurin kakarsa. Saboda haka sai a fara da tambayar wanda ke renonsa, da sunan da a ke kiransa da shi a gida.

Na biyu, ana tambaya ko yaro yana kallon idon mai yi masa magana. A tarbiyyar Hausawa sunkuyar da kai a gaban babba ladabi ne, don haka iyaye na iya ɗaukar rashin kallon ido a matsayin kunya. Sai a fayyace cewa ana nufin lokacin shan mama ko lokacin wasa, domin jariri bai san kunya ba tukuna.

Na uku, misalan da ke cikin ma'aunin na gidajen Turai ne, kamar ƙarar injin shara. A Kura sai a tambaya yadda yaro ke yi idan ya ji injin ban-ruwa ko injin casar shinkafa: yana toshe kunne yana kururuwa fiye da sauran yara? Haka nan wajen wasan kwaikwayo, sai a tambaya ko yarinya tana goya 'yar tsana ko tana tuwon ƙasa, ko yaro yana tura gwangwani a matsayin mota.

6.0 Lokaci da Wurin Tantancewa

A Amurka, ƙungiyar likitocin yara ta ba da shawarar a tantance otizim a wata 18 da wata 24. A Nijeriya kuwa, zuwan yaro asibiti domin rigakafi yana ƙarewa ne da allurar ƙyanda ta biyu a wata 15, wato gab da lokacin da alamomi ke fitowa. Akwai hanyoyi biyu na cike wannan giɓi ba tare da an gina ko ɗaki ɗaya ba. Ta farko ita ce a yi tambayoyin farko ranar allurar wata 15. Ta biyu ita ce a yi amfani da masu raba maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, waɗanda ke bi gida gida kowane wata da damina domin yara 'yan wata 3 zuwa 59. Ungozomomi da malaman Islamiyya da masu unguwanni su ma suna da rawar da za su taka wajen wayar da kai.

Sai dai a kiyaye: tantancewa ba yanke hukunci ba ce. Yawancin abin da ta ke nunawa shi ne yaro na buƙatar a ƙara dubawa. Matakin farko shi ne gwajin ji, domin kurma ma ba ya amsa kira. Daga nan sai a tura shi wurin likitan yara, kamar a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad.

7.0 Kammalawa

Otizim ba shi da maganin da ke kawar da shi, amma koyarwar da aka fara da wuri tana inganta magana da cuɗanya da iya kula da kai, kuma da yawa daga cikinta iyaye ne ke yin ta a gida, cikin wasa da wanka da cin abinci. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Aikin da ke gaban mahalarta wannan taro, musamman masana harshe da masana lafiya, shi ne su haɗa kai su samar da ma'auni cikin Hausar da mai reno a Bunkure za ta fahimta, a gwada ingancinsa a kan yaran yankin, sannan a tanadi inda za a tura waɗanda aka gano. Gano yaro ba tare da an nuna wa iyayensa ƙofar da za su ƙwanƙwasa ba, ƙara musu nauyi ne kawai.