Ƙanƙarar da ke ɓoye cikin duwatsu

Can nesa, a Amurka ta Kudu, akwai wata ƙasa da ake kira Shili. Doguwa ce, siririya. Tana kwance tsakanin teku da wasu manyan duwatsu masu suna Andis. Arewacin ƙasar fari gare shi ƙwarai. A birnin La Serena, ruwan saman da ke sauka a shekara guda da wuya ya wuce milimita 100. Maradi tana samun wajen ninki biyar na wannan.

Duk da haka, mutanen wurin suna noma. A kwarin gulbin Elki, wanda ke shiga teku a La Serena, akwai gonakin inabi da na lemu da garake na kayan miya. Akwai kuma makiyaya masu awaki. In zafi ya zo, sai su kora dabbobinsu su hau dutse neman ciyawa.

Lokutan shekara a can ba daidai suke da na Nijar ba. Sanyi yana zuwa daga watan Yuni zuwa Agusta, kuma a lokacin ne ɗan ruwansu ke sauka. Daga Disamba zuwa Maris zafi ne da rani. To, da wane ruwa suke ban ruwa?

Ruwan daga dutse yake

Duk wanda ya hau dutse mai tsawo zai ji sanyi na ƙaruwa. A kowace mita 1,000 da aka hau, zafi yana raguwa da wajen digiri 6. Dutse mafi tsawo a Nijar yana cikin Bagazan, a Abzin, tsawonsa mita 2,022. A saman kwarin Elki akwai duwatsun da suka wuce mita 5,000. A can ruwa ba ya sauka kamar ruwa. Yana sauka fari fat, mai laushi kamar gari. Ana kiran shi dusar ƙanƙara.

In zafi ya fara, dusar ƙanƙara tana narkewa, ta cika ƙoramu, ƙoramu su cika gulbi. Wannan shi ne babban ruwan manoma. Amma yana saurin ƙarewa. In an yi shekarar fari kuwa, dusar ƙanƙarar ma kaɗan ce ke sauka.

Akwai wata ƙanƙara ta biyu, mai kauri, wadda ta daɗe a kan kololuwar dutse, kowa yana hango farinta daga nesa. Irin wannan ba ta da yawa a yankin, don rana tana cin ta.

Ta ukun ita ce ido ba ya gani. Tana ƙarƙashin tarin duwatsu da tsakuwa. Mutum zai iya taka ta, ya wuce da jakinsa, bai san a kan ruwa yake tafiya ba.

Yadda take samuwa

Ruwa yana shiga tsagar dutse da rana. Da dare ya daskare. Ruwa in ya daskare kumbura yake yi, sai ya ƙara buɗe tsagar. Yau da gobe dutsen ya fashe, gutsattsarinsa su gangaro su rufe dusar ƙanƙarar da ke ƙasa. Wata shekara wata dusar ta sauka, wasu duwatsun su sake rufe ta. Ruwan da ya narke a sama shi ma yana tsiyaya cikin tarin, ya daskare a ciki. A wasu wurare kuma, tsohuwar ƙanƙarar fili ce duwatsu suka binne.

Bayan dubban shekaru, sai a samu tari mai kaurin mita 20, ko 30, ko fiye. Tsawonsa yana iya kai kilomita guda. Sau da yawa wajen rabin abin da ke cikinsa ƙanƙara ce, sauran duwatsu ne da yashi.

Abin mamaki, tarin yana tafiya. Nauyinsa yana jan shi gangare sannu sannu. Wani yana matsawa santimita kaɗan a shekara, wani mita ɗaya ko biyu. In an dube shi daga jirgin sama, kamar kunu mai kauri ne da aka zuba a kan gangare, bayansa duk tamoji, gabansa a tsaye kamar bango. Da wannan alama masana ke gane shi. Wani masanin duwatsu ɗan Amurka, Stephen Capps, ya bayyana irinsa a Alaska tun shekarar 1910. A shekarar 2018, wasu masana a Ingila suka haɗa lissafin ƙasashe dabam dabam, suka samu fiye da 73,000 a duniya.

Me ya sa rana ba ta cin ta?

Mai sayar da ƙanƙara a kasuwa ya san amsar. Ba ya barin ta a fili. Yana naɗe ta da buhu, ya ajiye a inuwa. Duwatsun da ke sama, masu kaurin mita biyu zuwa biyar, su ne buhun. Zafin rana yana tsayawa a kansu, kaɗan ne ke isa ciki.

Akwai dalili na biyu. Iska mai sanyi ta fi iska mai zafi nauyi. Lokacin sanyi, tana shiga ramukan da ke tsakanin duwatsu, ta kwanta a ƙasa. In zafi ya zo, iska mai zafi ba ta iya sauka ta kore ta. Sai cikin tarin ya zauna da sanyinsa.

Mutanen bakin gulbin Maradi sun san abu mai kama da wannan. Tabki yana ƙafewa da rani don yana fili. Amma in an tona yashin gulbi, ana tarar da ruwa, don yashi ya ɓoye shi daga rana da iska.

Ruwan ranar wuya

Kada a ɗauka wannan ƙanƙara ce ke cika gulbin Elki. A'a. Wani bincike na shekarar 2019 ya ƙiyasta cewa a saman kwarin, abin da take bayarwa bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na ruwan ƙorama ba. Amfaninta yana ga lokacin da take bayarwa. Tana narkewa kaɗan kaɗan, har ƙarshen rani, sa'ad da dusar ƙanƙara ta daɗe da ƙarewa. Kamar rumbun tsimi ne, wanda ba a buɗewa sai sauran hatsi ya ƙare. Tarin yana kuma riƙe ruwan da ya tsiyaya cikinsa, ya sake shi a hankali.

A shekarar 2010, masana biyu, Azócar da Brenning, suka auna wannan yanki mai fari na Shili. Suka gano cewa ruwan da ke ajiye cikin ƙanƙarar ɓoye ya fi na ƙanƙarar fili yawa. A wannan shekara kuma aka shiga wani dogon fari a tsakiyar ƙasar, wanda ya wuce shekara goma. Rijiyoyi suka ƙafe, awaki da shanu da yawa suka mutu, aka riƙa kai wa ƙauyuka ruwan sha da mota. Daga nan mutane suka ƙara maida hankali ga abin da ke ƙarƙashin duwatsun.

Abubuwa biyu da ke cin ta

Na farko shi ne ɗumamar duniya. Ƙanƙarar ɓoye ta fi ta fili jure zafi, amma ita ma tana ji. A duwatsun Alp na Turai, inda ake auna ta kowace shekara, an ga da yawa sun ƙara saurin tafiya tun wajen shekarar 2000, don cikinsu ya yi laushi. Kuma ba abu ba ne da ke dawowa da wuri. A wani wuri mai suna Lazaun, a arewacin Italiya, an haƙa rami cikin irin wannan tari. Ƙanƙarar da aka ciro daga gindinsa ta kai shekara 10,300.

Na biyu shi ne haƙar ma'adinai. Shili ita ce ta ɗaya a duniya wajen fitar da jan ƙarfe, kuma da yawan ma'adinin yana cikin waɗannan duwatsu masu tsawo. A duwatsun da ke kusa da Santiyago, babban birnin ƙasar, kamfanonin haƙa sun kwashe wasu tarin da katafila don su kai ga ma'adini. Sun zuba baraguzai a kan wasu, sun yi hanyar mota a kan wasu. Jan ƙarfe yana kawo wa ƙasar kuɗi da aikin yi, wannan gaskiya ne. Amma an daɗe ana wannan aiki ba tare da an lissafa ruwan da ake asara ba, don a ido tarin duwatsu ne kawai. Manomin da ke can ƙasan kwari kuwa, ba wanda ya tambaye shi.

Ƙasar Ajantina tana ɗaya gefen duwatsun Andis. A shekarar 2010, majalisarta ta yi doka, ta hana haƙar ma'adinai a kan ƙanƙarar dutse, ta fili da ta ɓoye. Dokar ta ce a ƙirga su duka. Masana suka yi shekaru suna aikin, da hotunan tauraron ɗan adam da kuma hawa da ƙafa. A shekarar 2018 suka fitar da lissafi: wurare kusan 17,000, na fili da na ɓoye a haɗe. Wasu kamfanonin haƙa sun kai ƙara don a soke dokar, amma a shekarar 2019 babbar kotun ƙasar ta ƙi. Gardamar ba ta ƙare a nan ba. Masu haƙa da wasu gwamnonin jihohi sun ci gaba da neman a sassauta dokar. Suna cewa ba kowane tari ne ke ba gulbi ruwa ba. Masu kare ruwa kuma suna cewa kada a taɓa ko ɗaya sai an auna abin da ke cikinsa.