Sunan da ke jikin tsohuwar bindiga

A gidajen maharba na Wudil da kewayenta akwai tsofaffin bindigogin gado, kuma masu su kan ɗauka sunan da aka zana a jikin ƙarfen shi ne na maƙerinta. Sau da yawa sunan ɗan kasuwa ne. A ƙarni na 19 masana'antun Birmingham a Ingila da Liège a Beljiyam sun ƙera wa kasuwar Afirka ta Yamma bindigogi masu araha, dillalai suna buga sunayensu a kai. Shaidar asali tana ga tambarin gwaji kusa da gindin bututu: haruffan ELG cikin da'ira mai siffar ƙwai na Liège ne, Birmingham kuma tun 1813 take da gidan gwajinta. Wadda ba ta da tambari, galibi harba-ka-ruga ce ta maƙeran gida.

Wani zai ce darajar bindiga harbinta. Ga maharbi haka ne, amma tsohon bututun da tsatsa ta ci yana iya fashewa a hannu. Mai neman kayan tarihi kuwa, tambari da asalin ƙota yake saye, gogewa da fenti suna karya kuɗinta. Ko don me ake ajiye ta, dokar makamai ta 1959 ta ba hukuma ikon wajabta lasisi har ga bindigar gado.