Rabe-raben Albarkatu a Darasin Labarin Ƙasa: Misali daga Ƙasar Kontagora

A fagen labarin ƙasa, albarkatu su ne abubuwan da ɗan Adam ke samu a muhallinsa, ya sarrafa su don biyan bukatunsa. Masana sukan raba su ta hanyoyi da dama, amma a ganinmu biyu ne suka fi dacewa da manhajar sakandare.

Hanya ta farko ta dogara ne kan asali, wato akwai masu rai da marasa rai. A ƙasar Kontagora, rukunin farko ya ƙunshi dawa da masara da gyaɗa, da itatuwan kaɗanya da ɗorawa, da namun dajin Zugurma. Rukuni na biyu kuwa ya haɗa da ƙasar noma, da ma'adinai, da ruwan Kogin Kontagora mai kwarara zuwa Kogin Neja.

Hanya ta biyu tana la'akari da ɗorewa. Akwai albarkatu masu sabuntuwa, kamar ruwan da madatsar Kainji, wadda aka kammala a 1968, ke samar da lantarki da shi. Akwai kuma masu ƙarewa, kamar zinariya, wadda in an haƙe ta ba ta dawowa.

A nan ne muke jawo hankalin malamai. Ɗalibi kan ɗauka cewa abin da aka kira mai sabuntuwa ba ya ƙarewa har abada, alhali sabuntuwar tana da sharaɗi. Kaɗanya takan shekara 15 ko fiye kafin ta fara 'ya'ya, amma mai gawayi zai kayar da ita cikin yini ɗaya. Muddin sara ya fi tsiro sauri, to, ta koma sahun masu ƙarewa, matan da ke dogaro da man kaɗe kuma su rasa abin yi. Haka nan ƙasar noma take in an hana ta hutu da taki.

Saboda haka muna ba da shawarar kada manhaja ta tsaya ga haddace rukunoni. A umurci ɗalibai su lissafa albarkatu goma na garinsu, su sanya kowanne a rukuninsa, sannan su bayyana tsawon lokacin da yake ɗauka kafin ya maye gurbin kansa, da abin da ka iya hana shi. Da wannan ne malami zai auna ko an fahimci darasin.