Kalmar Nan Artificial Da Ke Jikin Kaya: Shin Jabu Take Nufi?

Akwai wata kalmar Turanci wadda ta daɗe tana haddasa gardama a rumfunan kasuwa, daga Kejetia ta Kumasi har Makola ta Ankara, watau artificial, wadda mutanenmu ke ce wa atifishal. Mai saye ya kai kaya gida, ɗansa ɗan makaranta ya karanta masa ita a jikin kwali ko a bakin yadi, sai ya komo da fushi, wai an sayar masa da jabu. Mai rumfa kuwa ya rantse bai cuci kowa ba. Irin wannan kan ɓata cinikin shekaru, saboda haka muka ga ya kamata mu warware ta.

Asalin kalmar daga Latin ne, harshen Rumawan dā. Kalmomi biyu aka haɗa, ɗaya tana nufin gwaninta ko sana'a, ɗaya kuma tana nufin yi. Ke nan ma'anarta ta fari ita ce abin da ɗan'adam ya yi da dabararsa, ba wanda ya tsiro, ko aka haifa, ko aka haƙo daga ƙasa ba. Kishiyarta ita ce natural. Ba zagi a cikinta ko kaɗan. Ga misali a ƙofar gidanmu: tafkin Volta, wanda ya taru bayan da aka gama madatsar Akosombo a 1965, Turawa na kiransa artificial lake, domin mutane ne suka tare kogin. Faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 8,500, kuma sai da aka ta da mutane kimanin 80,000 daga garuruwansu saboda shi. To, wa zai ce ruwan nan jabu ne? Wanda ya sayi busasshen kifin Yeji ya san na gaske ya ci.

Abin da ke rikitar da mu shi ne, inda Bature ya yi amfani da kalma guda, mu Hausawa muna da huɗu ko biyar. Takinsu na artificial mu takin zamani muke ce masa. Abin da Rasha ta harba sama a 1957, mai suna Sputnik, muka ce tauraron ɗan'adam. Haƙori da ƙafa da likita ke sa wa mutum, muka ce na roba. Wannan ta kwamfuta kuwa da ake ta zancenta, wadda John McCarthy da abokansa suka raɗa wa suna artificial intelligence a Amurka wajen 1955, ana ce mata ƙirƙirarriyar basira. Duk cikinsu ba inda muka ce jabu, kuma mun yi daidai.

Amma wajen tufa ne zancen ya fi shafar aljihu. A 1889 wani Bafaranshe, Chardonnet, ya nuna wa jama'a a birnin Paris wani zare mai sheƙi kamar siliki, wanda ba tsutsar siliki ce ta yi shi ba. Aka riƙa kiran irinsa artificial silk. Daga baya aka gwanance wajen yinsa da ɓargon itace da aka narkar da magunguna. 'Yan kasuwar Amurka suka ga sunan yana rage masa daraja, sai a 1924 suka sake masa suna rayon. Yau kuma viscose za ku fi gani a rubuce. Ku lura da wannan da kyau: tun can Turawa da kansu sun san kalmar tana sa mai saye ya ja baya, shi ya sa suke ɓoye ta a bayan sababbin sunaye. Nylon da kamfanin DuPont ya fito da shi a ƙarshen shekarun 1930, da polyester da ya biyo baya, su kuma synthetic aka fi ce musu, watau abin da aka harhaɗa daga magunguna, akasari na man fetur. Man-made ma 'yar'uwarsu ce.

In kuna shakka, ga gwajin da tsofaffin masu yadi suka sani. A zare ɗan zare daga gefe a kusantar da shi ga ashana. Siliki na ainihi yakan yi ƙaurin gashi, tokarsa ta murƙushe a yatsa. Rayon yakan ci wuta da sauri, ya yi ƙaurin takarda. Nylon da polyester kuwa narkewa suke yi, su dunƙule su yi tauri. Sai dai a yi gwajin nesa da dila, kada a je neman gaskiyar zare guda a ƙone rumfa.

Kakanninmu ma sun sha wannan. A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da aka yi a masana'anta. Shi wannan ba kwaikwayo ba ne, sinadarinsa ɗaya ne da na ganyen baba, sai dai ba a gona ya fito ba. Ya karya manoman baba na Indiya cikin 'yan shekaru, daga baya kuma ya iso marinar ƙasashenmu. Haka nan duwatsun wuya na gilashi da ake yi a ƙasar Bohemiya, masu kama da murjani da tsakiya, sun daɗe a faifan 'yan koli. Wanda ya sayar da su a kan gilashi ne, da kuɗin gilashi, ciniki ya yi. Wanda ya ce murjani ne, shi ya yi algus.

Nan fa iyakar take. Kalmomin Turanci da ke nufin ha'inci su ne fake da counterfeit, watau abin da aka yi don a ruɗi mutum, kamar kuɗin jabu ko magani mai ɗauke da sunan kamfanin da bai yi shi ba. Imitation tana tsakiya, tana faɗa maka kwaikwayo ne, ba ta ɓoye ba. Saboda haka takalmin da aka rubuta wa artificial leather gaskiya ya faɗa, cewa ba fata ba ce. Wanda ya kamata a yi wa kallon tsanaki shi ne na roba da aka buga wa genuine leather.

Duk da haka, kalmar tana da wani gefe mara kyau in an jingina ta ga hali ko ga kasuwa. Artificial smile shi ne yaƙe. Artificial shortage kuwa ƙarancin kaya ne na ganganci, a ɓoye su don su yi tsada. Dattawan da suka ga zamanin kalabule ba su bukatar fassara, gama da wannan zargi ne sojoji suka rushe kasuwar Makola a 1979, mai laifi da mara laifi duk suka yi hasara.

Shawararmu ga masu rumfa ita ce, in kaya na ɗauke da wannan kalma, ku faɗa wa mai saye da bakinku tun kafin a yi ciniki, da Hausa ko da Tuwi, cewa wannan na inji ne, ga kuɗinsa, ga kuma na ainihi in yana so. Masu zuwa sari kuma su tafi da yaro mai karatu, ya duba abin da aka rubuta a bakin yadi, kashi nawa auduga, kashi nawa polyester, tun ba a ɗaure dila ba.