Gyambon ciki: yadda ake auna nauyin aikin mai bincike, daga labarin Barry Marshall

Duk malamin likitanci da ke neman ƙarin girma a jami'o'in Yamai, Maraɗi ko Damagaram ya san cewa sai ya gabatar wa hukumar CAMES, mai mazauni a Wagadugu, jerin maƙalolin da ya wallafa. A duniyar bincike kuma akwai tambaya ta biyu bayan yawan maƙaloli: sau nawa sauran masana suka ambaci aikin mutum a cikin nasu rubutun? Wannan ƙidaya ita ake kira ambato.

Eugene Garfield, ɗan Amurka, shi ya fara tattara ta cikin kundi a 1964. Yau rumbunan intanet irin su Scopus, Web of Science da Google Scholar ne ke yin aikin. A 2005 masanin kimiyya Jorge Hirsch ya ƙirƙiro ma'aunin h: mai bincike yana da h 20 idan yana da maƙaloli 20 da aka ambaci kowacensu aƙalla sau 20.

Labarin Barry Marshall, likita ɗan Ostareliya, ya nuna abin da waɗannan alƙaluma ke iya faɗi da kuma inda suke makara. Har farkon shekarun 1980, likitoci sun yarda cewa damuwa da yawan ruwan tsamin ciki ne ke haddasa gyambon ciki, kuma babu ƙwayar cutar da za ta rayu cikin wannan tsami. Amma a 1979 Robin Warren, mai duba naman marasa lafiya a asibitin birnin Perth, ya ga wata lanƙwasasshiyar ƙwayar cuta a jikin tumbin mutane. Marshall ya haɗa hannu da shi a 1981, kuma a 1982 aka yi nasarar renon ƙwayar a ɗakin gwaji. Ita ce daga baya aka sa wa suna Helicobacter pylori.

A 1983 ƙungiyar likitocin ciki ta ƙasarsu ta ƙi karɓar taƙaitaccen bayanin binciken a taronta. A watan Yunin 1984 mujallar The Lancet ta buga sakamakon da suka samu kan marasa lafiya 100. Ganin ana ta shakka, a wannan shekarar Marshall ya sha ruwa mai ɗauke da ƙwayar, cikin ƴan kwanaki tumbinsa ya kumbura, ya wallafa abin da ya faru a 1985.

Sai a 1994 hukumar binciken lafiya ta Amurka ta ba da shawarar a riƙa bai wa masu gyambon da ke ɗauke da ƙwayar maganin kashe ta. A shekarar ce kuma cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙwayar cikin abubuwan da ke jawo kansar ciki. A 2005 Marshall da Warren suka karɓi kyautar Nobel. Kwamitin kyautar ya ce ƙwayar ce sanadin fiye da kashi 90 cikin 100 na gyambon farkon ƙaramin hanji, da kusan kashi 80 na gyambon tumbi. Yau an ambaci maƙalar 1984 sau dubbai, amma wanda ya auna Marshall da ma'aunin ambato a 1983 da bai ga abin a zo a gani ba.

Ma'aunin yana da wasu giɓi. Yana fifita wanda ya daɗe yana rubutu a kan matashi. Yana ƙirga har ambaton da aka yi don sukar aiki, da wanda mutum ya yi wa kansa. Kuma manyan rumbunan sun fi tattara mujallun Ingilishi, ta yadda likitan Nijar da ya rubuta da Faransanci a mujallar yanki zai iya zama ba a ganinsa, ko da aikinsa ya taimaki marasa lafiya.

Ga mai fama da zafin ciki da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ribar wancan bincike a bayyane take: ana iya gano ƙwayar ta gwajin bayan gida, na numfashi ko ta zura na'urar leƙa ciki, kuma maganin kwana 10 zuwa 14 da likita ya rubuta yakan kawar da ita.