Sarauta a Cikin Leda: Abubuwa 10 Masu Ban Mamaki Game da Tallar Abinci

Ka tsaya gaban teburin mai shayi a Azare, ko ka leƙa shagon kayan masarufi a Chinade ko Gadau, ka dubi gwangwanaye da ledojin da aka jera. Nan kambi, can zinariya, ga tauraro, ga cinyar kaza tana naso. Masu talla sun daɗe da gane cewa yunwa kaɗai ba ta isa ta buɗe aljihu ba, sai an haɗa mata da kwaɗayi da son a ce wane ya isa. Ga kaɗan daga cikin dabarun, na gida da na waje.

1. Sarakuna a kan kanta
Tun 1916 fadar Sarkin Katagum ta koma Azare, kuma kowa ya san sarki ɗaya ne a gari. Amma a kan kantar mai shago sarauta ta yi araha: madarar Three Crowns, man girki na King's, shinkafar Royal Stallion. Sai ɓangaren masu zinariya, su Golden Penny da Mama Gold. Duk kayan yau da gobe ne na talaka, an naɗa musu rawani don mai saye ya ji ya hau wani mataki.

2. Botar da aka ƙirƙira don marasa hali
Burodi mai bota da shayi mai kauri shi ne karin kumallon wanda ya samu. To amma abin da muke kira bota, irin su Blue Band, ba man shanu ba ne, man tsirrai ne. Asalin irin wannan bota daga Faransa ne: sarki Napoleon na Uku ya sa kyauta ga wanda zai samo wa sojoji da talakawa madadin man shanu mai sauƙin kuɗi, wani masani mai suna Hippolyte Mège-Mouriès ya fito da shi a 1869.

3. Madara mai man tsirrai
Madarar gari da dama da ake sayarwa a leda an cire musu maiƙon nono, an maye gurbinsa da man tsirrai, don ta yi araha kuma ta jure zafi ba tare da ta lalace ba. Da wannan dabara Cowbell ta shigo kasuwar Najeriya a 1993. Ba ɓoyewa ake yi ba, yana nan a rubuce a jikin leda. Ana sayar da ita a ƙasar da Fulani ke shigowa gari kullum da kindirmo da man shanu a ƙwarya.

4. Ƙullin da ya girmi kamfani
Lokacin da Baturen nan Hugh Clapperton ya iso Katagum daga Borno a watan Janairun 1824, ya tarar ana ciniki da wuri, kuɗin da ke ba mutum damar sayen abu ɗan kaɗan. Ƙullin gishiri, ƙullin yaji, man gyaɗa a ludayi, duk tsohon salo ne. Kamfanoni sun ɗauko shi, suka zuba madara, Milo da tumatir a 'yan ledoji. Sai dai in ka tara kuɗin ledojin wata guda, sau da yawa za ka ga sun zarce na gwangwani.

5. Kazar da ba ta cikin leda
Indomie 'yar ƙasar Indonesiya ce, a 1972 aka fara yin ta, ta shigo Najeriya a 1988. Hoton da ke jikin ledar taliya irin wannan yakan nuna nama ko ƙwai da ganye, amma a ciki dunƙulen taliya ne da ɗan ƙullin kayan ɗanɗano. Ɗan rubutun da ke gefen hoton, mai cewa shawara ce kawai ta yadda za a haɗa, shi ke wanke kamfani. Mai shayi ne ke cika alkawarin, da ƙwai biyu da albasa da attaruhu, kai kuma ka biya.

6. Ƙwallayen gilashi a kwanon miya
A 1968 aka gano cewa masu ɗaukar hoton tallar miyar Campbell a Amurka suna zuba ƙwallayen gilashi a gindin kwano, don kayan miyar su taso sama a ga kamar sun cika maƙil. Maganar ta kai gaban hukuma, aka daina. Mai tsire bai san da wannan labari ba, amma shi ma ya san amfanin shafa mai da gashin kaza ko buroshi, ya jera tsinkaye kusa da fitila, ya bar hayaƙi ya yi masa kiran masu wucewa.

7. Sunan da ba na kowa ba
Häagen-Dazs, askirim mai tsada, ba sunan mutum ba ne, ba na gari ba. Wani ɗan kasuwa a New York, Reuben Mattus, shi ya ƙaga shi don a ɗauka daga Denmak kayan suka fito, har taswirar ƙasar ya buga a kwali. A nan gida ma, da an ce abu "ɗan waje ne" sai kuɗinsa ya tashi kafin a ɗanɗana.

8. Baki shi ke ƙara gishiri
A 2017 masu bincike a Jami'ar Stanford suka riƙa sauya wa kayan lambu suna a ɗakin cin abincin ɗalibai, girkin kuwa bai canza ba. Ranar da aka sa suna mai tsinka yawu, masu ɗiba sun ƙaru da kashi 25 cikin ɗari. Mai waina da ke cewa "da zafinta" da mai zoɓo da ke cewa "mai ƙanƙara" sun riga su sanin haka.

9. Dawa da masara sun dawo a kwalba
Bayan gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, kamfanonin abin sha suka koma ga dawa. Lemon malt da ake jerawa gaban manyan baƙi a walima, akwai dawa a cikin da yawansu. Golden Morn kuwa masara ce da waken suya. Manomi ya sayar da buhu a kaka, ya sayo ɗiyar hatsinsa a biki da farashin girma.

10. Magi ya kori daddawa, daddawa ta dawo
Dunƙulen Maggi ya fito a Turai a 1908, a shekarar da wani masani a Japan, Kikunae Ikeda, ya gano sinadarin da muke kira farin magi. Tallar amarya mai riƙe miji da girki ta sa daddawa ta zama abin ƙauye a idon wasu. Yau kamfanin Ajinomoto, mai yin farin magin, da kansa yana sayar da garin daddawa a leda da sunan DeliDawa.

Hukumomi sun fara sa ido. Tun 2016 ƙasar Cile ke tilasta buga baƙin tambarin gargaɗi a gaban kwalin duk abincin da sukari, gishiri ko maiƙo ya yi wa yawa. Najeriya ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace litar lemon zaƙi a 2022. Mai saye kuwa yana da nasa makamin: ƙa'ida ce a jera kayan haɗi a bayan leda daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci. In ka ga sukari a sahun farko, ka san abin da kake shirin biya wa kuɗi, ko da kambi nawa aka zana a gaba.